Ranar da na tofar da kuɗina a Saint-Émilion

Abokin tafiyata, gogan naku, shi ne ya ja ni. Wai tunda taro ya kawo ni Bordo, ba zan bar Faransa ba sai na ga Saint-Émilion, ƙauyen da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 1999. Na ce ni da garin giya me ya haɗa mu? Ya ce tarihi za mu kalla. Jirgin ƙasa ya sauke mu, ashe tashar tana can gindin tudu, sai an taka sayyada. Ni kuwa na ci ado, farar shadda da takalmin fata mai santsi, ga titunan garin duk duwatsu ne a kan gangare. Da bin bango na shiga garin.

Gari ne tsit, kowace kusurwa ka duba gonakin inabi ne. Muka shiga cocin nan da aka fafe cikin dutse tun ƙarni na 12. Hasumiyarta matakala 196 ce, gogan ya hau, ni na ce daga ƙasa ma ina ganinta. Na zauna ina cin ɗan biskit ɗinsu na almon, wanda aka ce matan coci ne suka fara yinsa a 1620. Da a nan muka tsaya da lafiya lau.

Sai ya ce ya riga ya biya mana kuɗin zagaya wata gona. Aka shiga da mu ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sanyi, ganguna jere. Daga nan aka kai mu teburin ɗanɗana giya. Muka ce ba ma sha. Matar da ke jagora ba ta ko yi mamaki ba, ta kawo mana lemon inabi zalla, ja wur, a irin kofin gilashin kowa.

To ku saurara. Na ga kowa ya kama kofinsa ta ƙafa, na kama. Suka juya shi, na juya. Suka cusa hanci, na cusa. Suka kurɓa suna wasa da shi a baki, na yi. Sai na ga ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyawa suna tofarwa cikin wani ɗan bokiti. Na ce to, al'adar gari ce, baƙo ba ya canja ta. Na sunkuya da cikakken baki. Su abin nasu siriri yake fita, saiti guda, sun ƙware. Nawa kuwa ya tarwatse. Kashi ɗaya ya sami bokiti, kashi ɗaya gaban rigata, ragowar ya sauka kan farin takalmin wata dattijuwa 'yar Ingila. Wurin ya yi shiru. Jagorar ta matso, ta rage murya, amma kowa ya ji:

"Yallaɓai, naka ai haɗiyewa ake yi. Su don kada su bugu suke tofarwa."

Dattijuwar, Allah ya saka mata, goge takalminta kawai ta yi. Mijinta ne matsalata. Wani jan tsoho mai gajeren wando da safa har gwiwa, a shekarunsa. Ya yi dariya har ya ƙware, aka bubbuga masa baya, ya farfaɗo ya ɗora daga inda ya tsaya. Mutumin da tun shigowarmu nake lura da shi, ko sau ɗaya bai tofar da nasa ba, har na matarsa yake shanyewa. Shi ne zai yi mini dariya! A tashar jirgi ma muka sake haɗuwa, ya ɗago mini hannu yana kwaikwayon tofi.

Gogan naku fa? Shi ya san komai, ya shanye lemonsa yana kallona, bai ce uffan ba. Hoto ma ya ɗauka, ni da kofi a hannu da jan tabo a ƙirji, ya tura zauren WhatsApp na dangi. Kafin mu isa Bordo Gwaggo ta kira tana salati.

"Ɗan nan, abin da ya kai ka Turai ke nan?"

Na rantse mata lemo ne, kuma ko shi ɗin ban haɗiye ba. Ta ce in lemo ne me ya sa na tofar.

Shaddar tana wurin mai wanki, ya ce in ƙara masa kwana biyu.