Yadda na ɗaure jirgin Oga da sukuru huɗu

Ni dai direba ne, haihuwar Kano, kafin in zo Legas babban ruwan da na taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga, shi ma daga nesa. To Ogana yana da wani ɗan jirgin ruwa na faiba, wato wata irin roba mai tauri, irin mai tafiya da iska ɗin nan, kuma a goshinsa akwai wani ƙarfe mai ƙaho biyu da ake naɗa igiya a jiki idan an zo gaɓa, su suna ce masa kilit. Abin ya fara girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa. Oga zai yi tafiya ya ba ni kuɗi ya ce in kira mai gyara.

Na kalli ƙarfen, na kalli kuɗin. Haba, mutumin da ya taɓa sauke giyabos shi kaɗai?

Na shiga kasuwa na sayo sukuru huɗu manya da gam, na ɗaure abin tam har na hau na yi tsalle a kai, canji kuma ya tafi inda canji yake tafiya. Sati biyu lafiya lau. Ranar nan cikin dare aka yi wata iskar damina, da asuba na zo na tarar da igiya a ɗaure yadda na bar ta, ƙullin nan ko motsi bai yi ba, kilit na reto a bakinta da sukuruna huɗu sun yi ja da tsatsa. Komai yana nan sai jirgin.

Masunta ne suka tsinto shi can cikin ciyayi, kuma abin da suka karɓa ya ninka kuɗin gyaran, wlh ko ragi ba su yi min ba.

Dole na kira mai gyaran, wani dattijo da ya taɓa zama a Sabon Gari yana jin Hausa. Ya zura ƙusa a ramin ya ƙwaƙulo wani abu baƙi kamar jiƙaƙƙen burodi, ashe rufin jirgin faiba ne sama da ƙasa, filawud a tsakiya, ruwa ya bi ramin ya ruɓar da shi, wato ni a cikin kunu na ɗaura sukuru. Ya ce "Malam, wannan aikin kafintan kujera ne." Na ce Baba wani yaro ne ya yi. Ya ce Allah ya shiryi yaron.

Ya faɗaɗa ramukan ya kwashe ruɓaɓɓen, ya bari ya bushe, ya cika da ifoksi, wani gam da ke daskarewa ya yi tauri, washegari ya sake hudawa. Ya kawo noti na sitenles 316, wai shi ne ruwan gishiri ba ya ci da wuri, masu ratsawa har ƙasa, da wani farantin ƙarfe da za a sa ta ciki don ya raba nauyin. Sai dai aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe kan notin a sama kar ya juya ya ɓata gam ɗin da ke tare ruwa, ɗaya ya shiga ciki ya murɗa.

Kun san wa ya shiga.

Ramin nan ko akuya sai ta yi tunani. Na shiga da kai, tumbi ya maƙale, ƙafafu a waje suna gaida masu wucewa, ga zafi ga warin faiba, tocila a baki, sifana lamba 10 ta faɗi sau uku kuma kullum sai ta gangara inda hannu ba ya kaiwa. Baba a sama sai "murɗa Malam", ni a ƙasa sai salati. Awa biyu kafin noti na huɗu ya kama, yara biyu suka jawo ni ta ƙafa.

Na miƙe ina karkaɗe riga ina jin kaina injiniya, sai na ji wani abu mai nauyi yana bugun cinyata. Na sa hannu a aljihu. Farantin ne.

Baba bai ce komai ba, sifanar kawai ya miƙo min.