Shari'ar Dakta Hadiza Bawa-Garba da abin da likitocinmu ya kamata su ɗauka

Duk likitan da ke kwana a asibiti yana duba marasa lafiya arba'in shi kaɗai ya kamata ya zauna ya karanta shari'ar Dakta Hadiza Bawa-Garba, 'yar asalin Najeriya da ke aiki a Ingila. Ni dai a ganina an zalunce ta, amma kuma akwai wuraren da ta yi sake, kuma waɗannan wuraren ne suka fi amfani a gare mu.

Ranar 18 ga Fabrairun 2011 aka kawo wani yaro ɗan shekara 6, Jack Adcock, asibitin Leicester Royal Infirmary da amai da gudawa da sarƙewar numfashi. Yaron yana da lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita mai jinkirta girman jiki da ƙwaƙwalwa, kuma yana da matsalar zuciya. Ita kuwa dawowarta kenan daga hutun haihuwa, ga ƙarancin ma'aikata ranar har tana haɗa aikin wasu da nata, babban likitan da ke kanta ba ya nan da safe, sannan kwamfutar da ke fitar da sakamakon gwajin jini ta lalace, sai da yamma ta samu sakamakon. Ta ɗauka ciwon ciki ne da ƙarewar ruwa, ta sa masa ƙarin ruwa, alhali nimoniya ce har cutar ta bazu a jini. Hoton ƙirji ya fito tun da rana amma sai wajen ƙarfe 3 ta gani, shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ya makara. Da daddare yaron ya rasu.

Toh ga inda nake so likitoci su tsaya. Yaron yana shan wani maganin zuciya mai suna enalapril, mai sauke hawan jini. Da gangan ta ƙi rubuta shi a takardar magani, kuma daidai ta yi, amma ba ta rubuta cewa a DAKATAR da shi ba, ba a kuma zaunar da uwar an ce mata kar ki ba shi ba. Uwa kuwa ta saba ba ɗanta maganinsa kullum, da dare ya yi ta ba shi. Wa zai ga laifinta? Abin da likita ya sani a ransa bai sa a folda ba, bai faɗa wa mai jinya ba, wallahi a kotu tamkar bai taɓa saninsa ba ne.

Haka wajen miƙa aiki da yamma, ta karanta wa babban likitan sakamakon gwajin, amma ba ta ce masa ranka ya daɗe zo ka ga yaron nan da idonka ba, shi ma bai je ba. Kuma shi ba a gurfanar da shi ba fa. Wannan kunyar ta kiran oga mu ma muna da ita, har ta fi tasu, ƙaramin likita gara ya yi ta fama shi kaɗai da a ce masa bai iya aiki ba.

A 2015 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, ita da wata nas, aka ba ta ɗaurin shekara 2 na jeka-ka-gyara-halinka. A 2017 aka dakatar da ita daga aikin likita na shekara guda, hukumar likitocin Birtaniya GMC ta ce bai isa ba, ta kai ƙara, a Janairun 2018 aka soke lasisinta gaba ɗaya. Likitoci suka fusata, suka yi karo-karo ta intanet aka ɗaukar mata lauyoyi, a watan Agustan 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wancan hukuncin na ƙwace lasisin. Asibitin da kansa ya yi bincike ya gano kurakuran tsarinsa da yawa, amma mutum biyu ne suka ɗauki kayan.

Kar wani ya ce na manta da iyayen yaron. Sun kai ɗansu da rai da safe, kafin gari ya waye babu shi, suna da haƙƙin su tambaya har kotu. A nan wajenmu ma abin da ya ɓace kenan, ana rasuwa sai a ce kwana ya ƙare, a ɗauki gawa, ko folda babu mai neman gani. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana a tambayi wa ya bar mara lafiya awa shida ba a duba shi ba. Hukumar likitocin Najeriya MDCN tana da kwamitin bincike da kotun ladabtar da likitoci, mutane nawa ne a unguwarku suka san da ita?

Kuma ku likitoci ku sani, yanzu dangi suna ɗaukar bidiyo da waya, lauyoyi sun fara gane akwai kuɗi a harkar. Ranar da aka bar ka kai kaɗai da ɗakuna uku, ka rubuta wa shugaban sashe, ka sa kwanan wata da lokaci, ka ajiye kwafi. In ka kira babba bai zo ba shi ma ka sa a folda, ƙarfe nawa ka kira, me ya ce maka.