A karɓe sitiyarin, tara ba ta tsorata kowa

Makon jiya na hau motar haya daga Kwangila zuwa Kaduna. Muna wuce Ɗan Magaji direba ya danne totur, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya kuma riƙe da waya yana cinikin wani fili. Wata dattijuwa a kujerar baya ta ce, "Ɗan nan, don girman Allah ka sassauta, rayuka ka ɗauko." Bai ma tanka ba wani fasinja ya tare masa: "Haba Iya, sauri muke yi. Abin da Allah ya rubuta ai ba makawa." Ta ja bakinta ta yi shiru, ta koma kan carbinta har Kawo.

Wannan direban ya san ko an kama shi ba abin da zai same shi. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007 ta yanka tarar naira 4,000 ga mai waya yana tuƙi, naira 3,000 ga mai gudun wuce kima, naira 5,000 ga wanda ya yi tuƙi cikin maye. A yau dubu biyar ba ta sayen man fetur lita goma. Ko tuƙin ganganci, mai tarar naira 50,000, mai mota kan biya da safe, la'asar ta yi wa yaronsa a kan titi. Shi kuwa titin, tun da aka gyara ɓangaren Kaduna zuwa Zariya da na Zariya zuwa Kano, ramukan da ke tilasta wa mutane taka birki sun kau. Ƙa'ida ta ce motar haya kada ta haura kilomita 90 a awa a babbar hanya, tirela da tanka kilomita 60. Ka tsaya bakin titi a Tashar Yari na minti goma ka gani da idonka.

A ganina ƙara kuɗin tara kaɗai ba zai yi magani ba, sai dai ya tsadar da "na goro". Abin da direba ke tsoro shi ne a raba shi da sitiyari. Wanda aka kama ya sha ƙwaya yana tuƙi, ko ya biyo hannun da ba nasa ba a babban titi, a dakatar da shi shekara guda cur. In ya sake, a ninka. Wanda gangancinsa ya ci rai, bayan hukuncin kotu, wanda doka ta ce zai iya kaiwa ɗaurin shekara 7, kada ya ƙara ɗaukar fasinja har abada.

Na san abin da za a ce: za a toshe wa bawan Allah hanyar abinci, ga iyali. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. To amma wanda ke kwance a asibitin Shika da ƙarfe a cinya shi ma yana da iyali, kuma ba wanda ya shawarce shi kafin a toshe masa tasa hanyar.

Inda muka fi cutar kanmu shi ne bayan an yi jana'iza. Kafin sadakar uku dattawa sun jeru a zaure, an ba da haƙuri, an ce ƙaddara ce, an je ofishin 'yan sanda an kashe magana. Yafiya halin kirki ce, ban musa ba. Sai dai addinin da muke fakewa da shi bai ɗauki kisan kuskure da wasa ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara, kuma ko dangi sun yafe diyyar, azumin wata biyu a jere yana nan a wuyan mai shi. Direbobi nawa ka sani da suka yi shi? Sannan iyalan mamaci haƙƙinsu kawai suke da ikon yafewa. Ba su da ikon yafe na ɗalibar da za ta tsallaka titi a Samaru gobe, mutumin nan yana tafe da mota.

Matsalar ita ce dakatar da lasin ba ya cizon wanda tun farko ba shi da lasin, ko wanda zai zagaya ya yanko wani da sabon suna. Don haka sai an bi ta inda direba ke cin abinci, wato tasha. 'Yan yuniyon da 'yan kamasho sun san kowane direba da laƙabinsa, sun san mai shan shayi zalla da mai jefa wani abu a ciki. Jami'an kiyaye haɗurra da na KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta Jihar Kaduna, su riƙa miƙa musu sunayen waɗanda aka dakatar, da hotunansu, a manna a inda ake rubuta layi. Tashar da ta yi wa irin wannan direba lodi a rufe ta na mako guda, mai motar da ya miƙa masa makulli kuma a tsare motarsa har wa'adin dakatarwar ya cika.