Ƙungiyoyin Ƙwararru da Shugaban Sashen da Ba a Koya wa Shugabanci Ba

A kowace ma'aikata, ko banki ko asibiti ko kamfanin gine-gine, akwai ranar da ake kiran wanda ya fi kowa iya aikinsa a ce masa daga yau shi ne shugaban sashe. Injiniyan da lissafinsa ba ya kuskure, ko ma'aikaciyar jinya da marasa lafiya suke yabawa, sai a wayi gari an danƙa musu mutum goma ko ashirin, sannan a bar su su gano da kansu yadda ake raba aiki, da yadda ake yi wa mutum gyara ba tare da an ci masa fuska ba, da yadda ake sauraron koke. Tun da aiki ya kawo ni Ingila nake kwatanta yadda ƙungiyoyin ƙwararru na nan da na Nijeriya suke tunkarar wannan rana, kuma ra'ayina shi ne a nan ya kamata a auna amfanin kowace ƙungiya, domin a hannun wannan ƙaramin shugaba ne ma'aikaci yake shaƙuwa da aikinsa ko aikin ya fita masa a rai.

Kamfanin Gallup, wanda ya daɗe yana bin diddigin halin ma'aikata a duniya, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na bambancin himma tsakanin wannan sashe da wancan yana komawa ne ga shugaban da yake kansu kai tsaye. Babban darakta yana iya tsara manufa mai kyau, amma wanda yake amincewa da hutu, yake rubuta rahoton ƙarshen shekara, yake yabo ko ya yi shiru, shi ne fuskar ma'aikata a wurin na ƙasa. Duk da haka, binciken da cibiyar manajoji ta Birtaniya, CMI, ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 82 cikin ɗari na waɗanda suka hau kujerar shugabanci a ƙasar sun hau ne ba tare da wani horo na musamman a kan shugabancin ba. Ke nan cutar ba ta wata ƙasa ɗaya ba ce, kuma wanda ya zaci Turawa sun gama da ita bai zauna a ofisoshinsu ba.

Bambancin da na gani shi ne ƙungiyoyin nan sun ɗauki matsalar a matsayin aikinsu. CMI, wadda ta samu takardar amincewar masarauta a 2002, tana ba da muƙamin ƙwararren manaja, kuma ba jarrabawa kaɗai ake ci a same shi ba, sai mutum ya kawo shaidar abin da ya canza a wurin aikinsa da yadda ya tafiyar da mutanensa. Ita kuwa CIPD, ƙungiyar masu kula da harkokin ma'aikata, ta samo asali ne daga wani taro da aka yi a birnin York a 1913 na jami'an jin daɗin ma'aikatan masana'antu, akasarinsu mata, kuma har yau wannan asali yana bayyana a abin da take wallafawa: jagora kan yadda shugaba zai tattauna da wanda aikinsa ya ja baya, da yadda zai karɓi wanda ya dawo daga doguwar jinya, da yadda zai warware saɓani kafin ya kai ga kotun ma'aikata. Waɗannan ƙananan abubuwa ne da ba a buga su a kanun jarida, amma su ne ainihin shugabanci a ranar aiki.

Nijeriya ba ta rasa irin waɗannan ƙungiyoyi ba, kuma wasunsu sun girmi abin da mutane suke zato. Ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, NSE, a Landan aka kafa ta a 1958, tun kafin samun 'yancin kai, ta hannun matasan injiniyoyi da ɗalibai 'yan Nijeriya da suke zaune a nan. Cibiyar manajoji ta NIM ta zo a 1961, ta akantoci wato ICAN ta samu dokarta a 1965, sannan CIPM ta masu kula da ma'aikata ta fara a 1968, doka ta ƙarfafa ta a 1992. Ta fuskar doka ma, wasu daga cikinsu sun fi takwarorinsu na nan ƙarfi, domin an ba su ikon tantance wanda zai yi sana'ar, alhali a Ingila mutum yana iya shugabantar sashen ma'aikata ba tare da ya taɓa shiga CIPD ba. Sun kuma yi rawar gani wajen kare martabar takardar shaida, wanda duk wanda ya zauna jarrabawar akantoci zai tabbatar.

Inda nake da ƙorafi shi ne inda hankali ya fi karkata. A ganina, ƙarfin ƙungiyoyinmu ya taru a wurare biyu, wato ƙofar shiga da kuma ƙololuwa. A ƙofar shiga akwai jarrabawa da rantsuwa da kuɗin rajista. A ƙololuwa akwai babban taron shekara, da zaɓen shugabanni, da bikin ɗaukaka manya zuwa matsayin da ake jera haruffansa a bayan suna. Tsakanin waɗannan biyun akwai shekaru goma ko sha biyar na rayuwar aiki, kuma a cikinsu ne mutum yake zama shugaban sashe, amma sau da yawa abin da yake haɗa shi da ƙungiyarsa a wannan tsakanin bai wuce tunin biyan kuɗin shekara da halartar taron ƙara wa juna sani don cika makin da aka wajabta ba. A irin wannan taro kuwa, mai jawabi yana kan mumbari, mahalarta suna ƙasa, a raba takardar halarta a watse. Ba na cewa ba a ƙaruwa, amma shugabanci ba abu ne da ake koya da sauraro kaɗai ba.

Wani zai ce ai horar da shugabanni aikin kamfani ne, me ya kawo ƙungiya ciki? Amsata ita ce ƙungiya tana da wani abu da kamfani ba zai taɓa samu ba. Sabon shugaba ba zai iya zuwa wurin maigidansa ya ce bai san yadda zai yi da ma'aikacin da ya girme shi da shekara ashirin ba, domin yana tsoron a ce bai cancanci kujerar ba, kuma ba zai faɗa wa na ƙasa da shi ba don kada girmansa ya zube. Wurin da zai iya buɗe cikinsa shi ne gaban wani ɗan sana'arsa da ya riga shi wucewa ta wannan hanya, wanda ba ya cikin ma'aikatarsa, ba shi da hannu a ƙarin girmansa. Shi ya sa tsarin haɗa ƙarami da babba domin nasiha, wanda ƙungiyoyin nan suke gudanarwa a rubuce, da rajista da lokacin ganawa, ya fi burge ni fiye da duk wani taro. Abin mamaki shi ne mu ne muka fi su sanin darajar zama a gaban na gaba, tunda an ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, sai dai mun bar abin ga sa'a da sanayya, wanda yake da uban gida ya samu, wanda ba shi da kowa ya yi ta lalube.

Batun jin muryar ma'aikaci ma yana da alaƙa da wannan. Rahoton da David MacLeod da Nita Clarke suka miƙa wa gwamnatin Birtaniya a 2009 ya taƙaita abubuwan da suke sa ma'aikaci ya ba da zuciyarsa ga aiki zuwa huɗu: a bayyana masa inda ma'aikatar ta dosa, a ba shi shugaba mai kula, a saurare shi, sannan abin da ake faɗa ya yi daidai da abin da ake aikatawa. Na uku ne ya fi mana wuya, domin a ofisoshinmu ana yawan ɗaukar shawarar na ƙasa a matsayin rashin kunya, har ya zama ba a jin muryar ma'aikaci sai ranar da ƙungiyar ƙwadago ta kira yajin aiki. Ƙungiyar ƙwadago aikinta albashi da haƙƙi, kuma dole ne ta yi shi. Ƙungiyar ƙwararru ce ya kamata ta koya wa mambobinta cewa shugaban da ya tambayi na ƙasa ra'ayinsa bai rage komai daga girmansa ba.

Kada a ɗauka cewa ina yabon Ingila ne ido rufe. Alƙaluman Gallup na 2023 sun nuna cewa kashi 23 cikin ɗari na ma'aikatan duniya ne suke aiki da zuciya ɗaya, amma a Birtaniya adadin bai wuce kashi 10 ba, kuma nahiyar Turai ce ta zo ƙarshe a dukkan yankuna. Ƙasar da take da ƙungiyoyi masu shekaru fiye da ɗari ga inda ta tsaya. Akwai kuma wata ɗabi'a a nan ta mayar da komai cike fom: a raba wa ma'aikata tambayoyi sau ɗaya a shekara, a zana jadawali, a nuna wa daraktoci, shekara ta zagayo ba abin da ya canza. Ma'aikacin da aka tambaya sau uku ba a yi komai ba ya fi wanda ba a taɓa tambaya ba yanke ƙauna.

Kuɗin horo kuwa akwai shi a ɓangarorin biyu. Tun 2017 kamfanonin Birtaniya da albashin da suke biya ya haura fam miliyan 3 a shekara suke biyan rabin kashi ɗaya cikin ɗari domin koyon sana'a, kuma CMI ta yi ƙoƙari ta sa aka tsara kwasa-kwasan shugabanci da aka riƙa biya daga wannan asusu, duk da cewa an soki yadda wasu manyan jami'ai suka ci gajiyarsa fiye da matasa. Na Nijeriya ya girmi wannan tsari da nisa, domin asusun horar da ma'aikata na ITF yana nan tun 1971, yana karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na albashi daga kamfanonin da doka ta shafa, yana kuma mayar da wani kaso ga wanda ya horar da mutanensa. Da a ce NIM da CIPM da ƙungiyoyin injiniyoyi da akantoci za su haɗa kai su tsara horo ɗaya na watanni shida ga duk wanda aka ba shugabancin sashe karon farko, a haɗa shi da mai ba shi shawara daga wata ma'aikatar daban, a kuma nemi kamfanoni su biya daga abin da ITF take mayar musu, da ba sai an jira wata sabuwar doka ba, kuma rassan jihohi da suke da su sun isa su ɗauki nauyin gudanarwa.