Ba kowane usur ne aka saya ba

Duk mai shiga gidan kallon ƙwallo ya san wannan lokacin. An zura ƙwallo, benci ya kife, wani ya tuɓe riga yana lilo da ita, sai a hango alƙalin wasa ya ɗora yatsa a kunne. Nan take ihun ya mutu, ba ka jin komai sai ƙugin janareto a waje. Minti biyu ana ta jan layi a allo. Can ya ɗaga hannu: satar gida. Kafin a ajiye ƙwallon a ƙasa rabin ɗakin ya gama yanke hukunci, an saye shi. Ɗaya rabin kuma na rantsuwa yau aka samu rafali mai tsoron Allah. Mako na zagayowa sai su yi musayar baki.

Jama'a, abubuwa uku muke cusawa a buhu ɗaya mu rubuta masa "maguɗi". Akwai kuskure irin na ɗan Adam, akwai hukuncin da doka ta yarda da shi amma zuciya ta ƙi karɓa, sannan akwai cin amana na gaske. Duka ukun suna faruwa. Amma wanda ya kasa rarrabe su, ranar da aka cuce shi da gaske babu mai saurarensa, domin kullum cikin kuka yake.

Na tsakiyar ya fi cin mutane, kuma mu 'yan Najeriya muna da tabonsa. Ranar 26 ga Yunin 2018, Najeriya da Ajantina a kofin duniya a Rasha, ana 1-1, saura kamar minti goma a tashi. Ƙwallo ta taso sama a cikin yadi na 18, ɗan bayan Ajantina Marcos Rojo ya sa mata kai, ta zame ta bugi hannunsa, Ighalo ya same ta ya buga waje. Alƙalin wasa Cuneyt Cakir, ɗan Turkiyya, ya je allo ya duba ya ce babu fenariti. A minti na 86 Rojon nan dai ya ci mu. Har yau ana cewa an yi mana fashi. To amma dokar taɓa ƙwallo da hannu, wato ta 12 cikin dokoki 17 da hukumar IFAB ke kula da su, ba ta taɓa cewa duk ƙwallon da ta taɓa hannu laifi ne ba. A wancan lokacin ganganci ake nema, kuma ƙwallon da ta fito daga kan mutum ta faɗa hannunsa a tazarar da ba ta kai taƙi biyu ba, da wuya a kira ta ganganci. Inda ya kamata mu kafa ƙorafinmu daban ne: kwana ɗaya kafin nan, a wasan Portugal da Iran, an bai wa Iran fenariti bayan duba VAR, wato bidiyon da ke taimaka wa alƙali, saboda ƙwallon da aka sa wa kai daga kusa ta bugi hannun Cedric na Portugal. Gasa ɗaya, na'ura ɗaya, kwana ɗaya tsakani, awo biyu. Wannan hujja ce da za ka tsaya a kanta ko a gaban wa. "Don Messi aka yi" kuwa zance ne na teburin mai shayi.

Su kansu dokokin ba a tsaye suke ba, kusan kowace shekara sai an taɓa su, sababbin su fara aiki ranar 1 ga Yuli. Iyakar hannu a yanzu daga ƙasan hammata take farawa, kafaɗa ba hannu ba ce. Abin da ake dubawa: shin da gangan ya kai hannu, ko ya buɗe hannun ya ƙara wa jikinsa faɗi ta yadda motsin da yake yi bai buƙata ba. Ɗan wasan gaba kuwa, in ƙwallo ta taɓa hannunsa ko da bisa kuskure ya ci nan take, za a soke. Amma tun 2021, in abokin wasansa ta taɓa bisa kuskure sannan shi ya ci, ƙwallo ta zauna. Da yawa masu ɗaga jijiyar wuya a gidan kallo da dokar shekara biyar baya suke musu.

Ita VAR ɗin ma ana ɗora mata abin da ba aikinta ba. Lokacin da aka shigar da ita cikin doka a 2018, a kan abu huɗu aka ba ta izinin magana: ƙwallo ta ciwu ko ba ta ciwu ba, fenariti, jan kati na kai tsaye, da bai wa wani kati a madadin wani. Ko a nan ɗin ma sai kuskuren ya fito fili ƙarara, ko an yi babban abu alƙali bai gani ba. Ma'ana, in ture ɗan baya ya yi wanda za a iya busawa, za a iya ƙyalewa, hukuncin cikin fili shi ke tsayawa. Shi ya sa za ka ga ƙeta iri ɗaya ranar Asabar an ba da fenariti, ranar Lahadi an hana, kuma mai VAR bai ce uffan ba a duka biyun. Ba barci yake ba, hannunsa aka ɗaure.

Idan an ci ƙwallo kuma, ana komawa baya a duba yadda harin ya faro. Wannan ne ya same mu ranar 7 ga Fabrairun 2024 a Bouake ta Kwaddibuwa, wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka. Osimhen ya ci ta biyu, ana murna an gama da Afirka ta Kudu, sai aka kira alƙali Amin Omar ɗan Masar zuwa allo. Ashe a farkon harin Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau a cikin yadinmu na 18. Aka soke ƙwallo, aka ba su fenariti, Mokoena ya farke. Daga 2-0 zuwa 1-1 cikin 'yan mintuna. Da zafi, amma daidai ne, kuma da mu aka yi wa haka da mun ce na'ura ta yi aikinta. Da yake mun ci 4-2 a bugun fenariti, yau babu mai kiran sunan alƙalin. Da an fitar da mu, da har yanzu ana tsine masa.

Kuskure tsantsa kuwa, babu misalin da ya kai na Tottenham da Liverpool, 30 ga Satumban 2023. Luis Diaz na Liverpool ya ci, mataimakin alƙali ya ɗaga tutar satar gida. A ɗakin VAR, alƙalin bidiyo Darren England ya tsayar da hoto, ya ja layi daga ƙafar Romero, ɗan bayan Tottenham, ya ga sarai Diaz bai yi satar gida ba. Har nan komai daidai. Matsalar, shi a zatonsa alƙali Simon Hooper ƙwallo ya bayar, don haka ya ce masa an gama dubawa, wato hukuncinka na nan. Hooper kuwa hukuncinsa satar gida ne. Tottenham suka buga bugun tazara, wasa ya ci gaba. Cikin daƙiƙoƙi mai sarrafa hotuna a ɗakin ya ankarar da su, amma doka ta ce da zarar an ci gaba da wasa ba a komawa kan irin wannan hukunci. Bakin alƙalami ya bushe. Liverpool ta sha kashi 2-1, hukumar alƙalan Ingila ta amsa laifi a ranar, bayan kwana uku ta saki muryoyin ɗakin kowa ya ji. Wanda ya saurara ya san ba muryar waɗanda suka karɓi na goro ba ce, muryar mutanen da cikinsu ya ɗuri ruwa ce. Kamara ta gani, layi ya fito daidai, jimla ɗaya da ba a ƙarasa ba ta lalata komai. Bayan nan aka umarce su su riƙa tabbatar da mene ne hukuncin cikin fili kafin su rufe bincike.

Layin satar gida ma da muke ɗauka kamar wahayi yana da iyaka. Kamarar talabijin ta yau da kullum hoto 50 take ɗauka a daƙiƙa. Ɗan wasan da ke gudun kilomita 30 a awa yana cin sama da mita 8 a daƙiƙa, wato kusan santimita 16 tsakanin hoto da hoto. In ɗan baya na fitowa shi yana shiga, tazarar ta ƙaru. Mai VAR zai zaɓi hoton da ƙafa ta fara taɓa ƙwallo. Ya matsa gaba da hoto ɗaya, wanda ke daidai ya zama ɓarawon gida. Saboda haka a kofin duniya na Qatar a 2022 aka sa kamara 12 na musamman masu bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, da wata 'yar na'ura a cikin ƙwallon mai aika bayani sau 500 a daƙiƙa. A ra'ayina duk satar gidan da sai an auna yatsan ƙafa kafin a gan ta, gara a bar wa mai cin ƙwallo. Tun asali don hana zaman jira a bakin raga aka yi dokar, babu wanda ya yi ta don awon takalmi.

To babu sayen alƙali ke nan? Akwai, kuma an kama. A Italiya a 2006, sauraren wayoyi ya tona yadda ake katsalandan wajen zaɓen alƙalan wasa. Aka jefa Juventus rukuni na biyu, aka ƙwace mata kofin lig biyu. Kusa da mu, a Nuwamban 2016, alƙali Joseph Lamptey ɗan Ghana ya bai wa Afirka ta Kudu fenariti a kan Senegal a wasan neman gurbin kofin duniya, da sunan Koulibaly na Senegal ya taɓa da hannu, alhali gwiwarsa ƙwallon ta buga. FIFA ta haramta masa alƙalanci har abada, aka sake wasan a Nuwamban 2017, Senegal ta ci 2-0 ta wuce Rasha. A lura da abin da ya kama shi: ba maimaicin hoton kaɗai ba, har da rahoton masu sa ido kan yadda kuɗin caca suka motsa lokacin wasan. Haka ake tabbatar da coge, da waya, da asusu, da sawun kuɗi.

Son kan da ya fi yawa kuwa ko sisi ba a biya a kansa, tsoron jama'a ne. An taɓa gwaji a Ingila, aka fitar da sakamakonsa a 2002: alƙalai 40 aka nuna wa hotunan karo tsakanin 'yan wasa daga wasan Liverpool da Leicester, wasu da hayaniyar 'yan kallo, wasu shiru. Waɗanda suka ji hayaniyar sun busa wa masu masaukin baƙi laifi ƙasa da na sauran da kusan kashi 15 cikin ɗari. A zaune suke cikin ɗaki, babu mai jifansu.

Yanzu ka ɗauko wannan ka kawo shi gasarmu ta gida. Alƙali ya yi doguwar tafiya a mota, ya shiga filin da shingensa yaro ma zai haura, 'yan sanda ƙalilan ne, babu VAR, wani wasan ko kamara ɗaya ta kirki babu. Minti na 89, ɗan wasan baƙi ya faɗi a yadi na 18 na masu gida. Kafin ya kai usur baki sai ya tuna ta wace ƙofa zai fita. Mu da ke zagin alƙalan Firimiya daga Kano ko Zariya, mu ne kuma ke tsallaka shinge in an tashi kunnen doki a gidanmu. Sannan da aka fitar da sunayen alƙalan kofin Afirka na Kwaddibuwa babu ɗan Najeriya ko ɗaya, muka ce an raina mu.

Gyaran nan ba sai an jira VAR ba, domin ita tana buƙatar kamarori da yawa, da ɗaki, da wutar da ba ta ɗaukewa, da horon watanni. Kamara biyu a kowane wasa, ɗaya a tsakiya daga sama, ɗaya tana bin layin yadi na 18, a ajiye hoton cikakke ga masu tantance alƙalai. Kuɗin alƙali da masaukinsa da motarsa su fito daga hukumar gasa a kan lokaci, kada ya ci ko ruwan leda daga hannun kulob. A yi masa hanyar fita mai rufi daga fili zuwa ɗakin sauya kaya, da jami'an tsaro a ƙofar tun kafin usur na ƙarshe. Kulob ɗin da magoya bayansa suka taɓa alƙali a cire masa maki a makon, kada a tsaya ga tarar da wani mai kuɗi zai biya masa. Alƙalin da hoto ya nuna ya yi aika-aika shi ma a bayyana sunansa da yawan wasannin da aka dakatar da shi, a rubuce, kowa ya karanta.