Wasan da likitan magana yake yi da yaro ba ɓata lokaci ba ne

Iyaye da yawa a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, sukan kai yaro mai in'ina wurin likitan magana, wato ortofonist, su tarar ya zauna a tabarma yana tura motar roba da yaron, sai su ce an ci kuɗinsu a banza. Ba haka ba ne. Likitan yana sauraron inda kalma take sarƙewa, yana kuma jiran yaron ya saki jiki da shi, don yaron da ke jin tsoro ba zai buɗe baki ba, balle ya gwada sabon salon magana.

Zama yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, sau ɗaya ko biyu a mako. Sauran aikin na gida ne: minti 10 zuwa 15 kullum, uwa ta rage saurin maganarta, ta bar yaro ya ƙarasa zancensa da kansa. Abin da ke rushe aikin shi ne tsawar "tsaya, ja numfashi!" da dariyar yayye. Kada kuma a kai shi wurin wanzami a cire masa beli, in'ina ba daga nan take ba. Jin Hausa, Fulatanci da Faransanci a gida ɗaya ma ba ya jawo ta.