Kafin ka sake zama JAMB, ka raba makinka da takwas

Ɗan ƙanwata da ke Agege ya ci 238 a JAMB, yana neman likitanci a Jami'ar Legas, sunansa bai fito ba. Ya same ni bayan la'asar da waya a hannu, ya ce, "Kawu, in sake?" Mahaifinsa, mai sayar da albasa a Mile 12, ya riga ya yanke hukunci: yaro ya zauna shekara guda, a biya masa kuɗin lesin, ya sake. Ni kuwa biro na ce ya ɗauko.

Jami'ar ta Legas ba makin JAMB kaɗai take dubawa ba. Cikin maki 100, JAMB na ɗauke da 50, jarrabawar Post-UTME, wadda jami'ar ke yi da kanta bayan JAMB, 30, sakamakon WAEC ko NECO 20. Tunda JAMB a kan 400 take, sai a raba abin da ka ci da takwas. Wato 238 ɗin nan bai kai 30 ba. Idan yaron ya kashe kansa da karatu ya ƙara 40 baɗi, maki biyar kacal ya ƙaru da shi. Da muka duba, ashe Post-UTME ce ta kayar da shi, ga kuma C6 a kimiyyar sinadarai a WAEC. Ana ta jifan JAMB, ɓarawon yana wani ɗakin.

Shi ya sa nake ganin sake zama bai dace ba sai ga wanda ya san inda makinsa ya zube. Sakamakon na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi, kuma babu wanda ya yi maka alkawarin na biyu zai fi na farko. Mutanen Legas sun fi kowa sani: a 2025 tangarɗar kwamfuta ta sa aka sake wa ɗalibai 379,997 jarrabawa a nan da jihohin kudu maso gabas, har shugaban hukumar JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya nemi gafara yana hawaye.

Sannan ita shekarar "zaman karatu" mun san yadda take ƙarewa a gidajenmu. Wata biyu ana lesin, na uku an ce zo ka taya ni tsaron shago, kafin azumi yaro ya fi sanin farashin buhu fiye da lissafi. Idan mace ce, masu zuwa gaisuwa sun fara layi.

Akwai abin da iyayenmu a nan ba su cika tambaya ba. Jami'o'in tarayya na ware kashi 20 cikin 100 na gurabe ga jihohin da aka bari a baya a boko, irin su Kano, Katsina da Jigawa, kuma asalin jiha ake dubawa, ba inda aka yanke cibiya ba. Ana iya canza makaranta ko kwas, a koma Bayero ko Ahmadu Bello. Ana iya bin JUPEB ko IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, a shiga aji biyu kai tsaye, sai dai da tsada.

Wanda ya ci ƙasa da 200 saboda zazzaɓi ya kama shi ranar, ko bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, wannan ya sake, babu gardama. Ɗan ƙanwata dai WAEC zai fara gyarawa. Mahaifinsa har yanzu bai gamsu ba, ya ce zai zo ranar Juma'a in sake yi masa lissafin a gabansa.